An kwashe bayananmu: kamfanin ma an zalunce shi ne, ko shi ya yi sakaci?

Alhaji Mamman, Alabar: Salamu alaikum. Ina ganin ana ta zagin kamfanin adashen nan don ɓarayin intanet sun kwashe sunayenmu da lambobin waya. Jama'a, mu ji tsoron Allah. In ɓarawo ya fasa shagona a Kejetia, ni za a kama?

Hajiya Rabi: Alhaji, bai taɓa ka ba shi ya sa. Ni wanda ya kira ni ya faɗi cikakken sunana, da lambar Ghana Card ɗina, har kuɗin da na zuba ranar Talata. Ya ce za a rufe asusuna in ban karanto masa lambar da ta shigo wayata ba. Ina tsakiyar tuyar waina, hannuna duk mai, na karanto. Sidi 2,300 na MoMo, wato kuɗina na cikin waya, aka kwashe ƙaf.

Alhaji Mamman: Allah ya mayar da alheri. Amma ai ke kika ba shi lambar, Hajiya.

Hajiya Rabi: Shi kuma wa ya ba shi sauran?

Malam Sani, Aboabo: Alhaji, misalinka bai zauna ba. Kayan shagonka naka ne, wannan kuwa ajiya ce. A fiƙihu, mai ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci. To, sun kulle ƙofa ko a buɗe suka bar ta?

Nura: Kawu, akwai irinsa a Amurka. A 2017 an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 daga Equifax, kamfanin da ke tara bayanan bashin jama'a. Tun watan Maris aka fitar da gyaran kafar manhajar kwamfuta da ɓarayin suka bi, kamfanin bai saka ba, suka shiga a watan Mayu, jama'a ba su ji ba sai Satumba. A 2019 ya yarda zai biya har dala miliyan 700.

Alhaji Mamman: Can Amurka ke nan, yaro.

Nura: Nan ma akwai doka, Kawu, ta kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843. Ta wajabta wa kamfani ya tsare bayanan, in kuma an taɓa su ya sanar da hukuma da masu su. Mu wa ya sanar da mu? A bakin masallaci muka ji.

Alhaji Mamman: Shirun nasu kam ban kare shi ba. Amma batun biya, sai an nuna mini sakacin.

Hajiya Rabi: Ranar Litinin ka raka ni ofishinsu, ka tambaye su da bakinka.