Tsohuwar taswirar Ikko da na tsinta a akwatin Baba

Ɗan Unguwar Rogo:
Salam jama'a. Jiya muna kwashe kayan marigayi Babanmu a nan Jos sai na ci karo da wata taswirar Legas a ƙasan akwatin ƙarfe, duk ta yi ja, gara ta ci gefe ɗaya, an rubuta 1:50,000 a ƙasa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne akwai wani gari Maroko a jikinta kusa da Victoria Island, na duba Google Maps ban ga gari a wurin ba, bakin tekun ma ba haka yake ba. Kuskure ne ko yaya? Kuma tana da wani amfani ko yara su yi jirgi da ita?

Safiyo_Bukuru:
Kai malam kar ka bari yara su taɓa ta! Ba kuskure ba ne. Wannan lambar 1:50,000 nufinta santimita 1 a takarda mita 500 ne a ƙasa. Yawancin irinsu daga hoton jirgin sama aka zana su. Duba siraran layukan nan masu ruwan ƙasa, su ke nuna tudu da kwari, a ta Jos za ka gansu cunkushe wajen duwatsun Shere amma a ta Ikko sai ka neme su da fitila, ƙasar shimfiɗe take, sai alamar fadama ko'ina. Bakin teku kuwa tun da Turawa suka jera duwatsu a mashigar jiragen ruwa yashi ya daina isowa Bar Beach, ruwa ya yi ta cin gaɓar shekara da shekaru, daga baya aka cike wurin da yashi aka yi sabon birnin Eko Atlantic. In za ka gwada da GPS ka sani awonta na Minna ne, wato tsohon ma'aunin taswirar Najeriya, ba irin na GPS ba, za ka ga ta goce da wasu mitoci.

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan Baba. Maroko ai gwamnatin soja ce ta rushe shi a 1990 lokacin gwamnan Legas Raji Rasaki, da damina ma wlh. Kawuna yana sayar da goro a can, da buhu ɗaya da rediyo ya dawo mana.

Ɗan Unguwar Rogo:
Amin Hajiya, na gode. Yallaɓai Safiyo in kai a yi mata laminatin?

Safiyo_Bukuru:
A'a, zafin injin zai ɓata ta. Ka yi sikanin ɗinta tukun, sannan ka shimfiɗa ta tsakanin kwali biyu, ka daina ninkewa.