Laccocin WordCamp: da mu ake ko da mutanen Legas?

Injiniya Bello: Salam jama'a. Jiya na raba dare ina kallon laccocin WordCamp, taron masu aiki da WordPress (manhajar gina shafukan intanet), a WordPress.tv. Data ta tafi, ban tashi da komai ba. Ni dai na yanke hukunci, ba don irinmu ake laccocin nan ba. Mutum ya hau mumbari minti 40 yana bayanin yadda za a riƙe shafin da miliyoyin mutane ke shiga. Ni kuwa kwastomana mai makarantar firamare ne a Pantami, buƙatarsa hoton gini da lambar waya. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Usman Bolari: Wallahi Oga ka faɗi abin da ke raina. Balle a ce mutum ya ɗauki ƙafa daga Gombe har Legas wajen taron, kwana a mota, ga kuɗin masauki, don jin abin da ke YouTube kyauta.

Maman Ilham: Injiniya, da girmanka, wace lacca ka zaɓa? Ka shiga kasuwa ka nufi layin masu gwal, ka dawo kana cewa babu gishiri a garin.

Injiniya Bello: Hajiya kenan. To nuna mini layin gishirin.

Maman Ilham: Bari in ba ka labarin kaina. Shekarar da na fara, na yi wa wata makaranta shafi da tim ɗin sata (tim shi ne rigar da ke ba shafi kamanninsa), irin wanda ake fasa makullinsa a raba a guruf. Ya yi kyau, an biya ni, har da godiya. Bayan 'yan watanni shugaban makarantar ya kira ni da sassafe, murya na rawa. Wai wani uba ya nemi sunan makarantar a Google, sai ga tallar caca a ƙarƙashin sunan. Na buɗe fayilolin na tarar da kod ɗin da ban san daga inda ya fito ba, dogon layi na haruffa a dunƙule kamar an zubar da shinkafa. Kuma ban ajiye kwafin shafin ko ɗaya ba. Kwana uku ina sake gini daga tushe, ana ɗauke wuta ina bin masu caji. A wata laccar tsaro, wadda ko kallo ba ta da daɗi, na ji cewa yawancin ƙofar da ɓarayi ke bi ta fulogin ce (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) da tim da ba a sabunta ba. Da na ji ta tun farko, da ban sha wannan kunyar ba.

Usman Bolari: Allah ya kyauta. Amma Anti ai kin ƙarfafa maganata ne, a waya kika kalla, ba ki je ko'ina ba.

Maman Ilham: Ƙanena, ka raba magana biyu. Kai kana cewa kada a je, Injiniya na cewa kada ma a kalla.

Malam Garba: Ku bari tsoho ya sa baki. Ni da Joomla na fara, wata manhajar gina shafi, lokacin da ta ɓalle daga manhajar Mambo a 2005 ba da jimawa ba, sai daga baya na koma WordPress. Matt Mullenweg da Mike Little suka fara WordPress a 2003, aka yi WordCamp na farko a San Faransisko a 2006. Yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Kana ganin duka manyan kamfanoni ne, Bello? Akasari ƙananan shafuka ne irin naka. Sannan ku tuna Disamba 2018, da aka fito da WordPress 5.0 mai Gutenberg, sabon wurin rubutu da tsara shafi. Masu bin laccoci sun fi shekara da sanin yana tafe. Sauran kuwa sun wayi gari wurin rubutu ya canza kama, kwastoma na kira.

Injiniya Bello: Malam, ban ƙi ta taka ba. Amma a faɗi gaskiya, rabin taron talla ne. Kamfanonin hostin, masu ba da hayar wurin ajiye shafi, ke ɗaukar nauyi. Kuma rikicin 2024 tsakanin Mullenweg da kamfanin hostin na WP Engine ya nuna mana WordPress ɗin da ake cewa "ta kowa da kowa" ce tana da mai gida.

Malam Garba: Nan kam ka taɓo inda ke ciwo. Sai dai lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da kod ɗin da sauya shi, na nan, ba wanda zai ƙwace kod ɗin daga kwamfutarka. Masu laccar kuma ba biyansu ake ba.

Saddiqa: Ni ɗaliba ce, a yi mini afuwa. Abu ɗaya na ɗauka daga wata lacca: rage nauyin hoto. Kwastoma zai turo hoton waya mai mega 5, a ɗora shi haka nan, mai ƙaramin netwok a Dukku ya gaji da jira ya fita. Tun fitowar 5.8 WordPress ke karɓar WebP, nau'in hoto mara nauyi. Wannan ai matsalarmu ce ta nan.

Injiniya Bello: To wa ya taɓa yin lacca kan kwastoman da zai biya sau ɗaya, shekara ta zagayo a ce ya sabunta domen (adireshin shafin) da hostin ya ce ai ya riga ya saya? Wa ya yi bayanin WooCommerce, fulogin ɗin buɗe shago a shafi, ga mai sayar da atamfa da ta fi yarda a turo mata alat ta WhatsApp?

Maman Ilham: Ba wanda ya yi, don wanda ya san ciwon yana nan yana ƙorafi a guruf. Kai za ka yi ta. Da Hausa.

Usman Bolari: 😂 Oga, reshe ya juye da mujiya.

Injiniya Bello: Har yanzu ina kan bakana, ba zan je Legas ba. Amma in za a samu ɗaki da janareta, zan yi minti 20 kan kuɗin sabuntawa.

Malam Garba: Akwai aji a wajenmu ranar Asabar bayan la'asar. Man janareta fa?

Saddiqa: Ni zan kawo majigi. Mai dai sai ku manya.