Kotu ta naɗa ni wakiliyar yarinya, me zan faɗa wa alƙali?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Iyayen wata yarinya 'yar shekara 9 suna shari'ar riƙonta, kotu ta ce in wakilce ta. Ita ta kafe wajen babanta take so. Amma da na je gidan, na tarar da ita da kayan makaranta masu datti, ita ke dafa wa ƙannenta abinci da daddare saboda ba ya dawowa da wuri.

Na san sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ya ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa. To ni bakinta ce, ko abin da zai amfane ta zan faɗa? Ta roƙe ni kada in ambaci zancen girkin. Don Allah lauyoyi ku haska min.