Musayar Waƙa: Huck da Jim a Kogin Misisipi

Malam Sani:
Salamu alaikum ma'abota littafi,
Ga Huckleberry Finn, kogi ne mai zurfi,
Mark Twain ya saƙa shi da ba'a mai kaifi,
A 1884 a Ingila ya fara fitowa.

Yaro Huck, ubansa mashayi ne mai duka,
Jim bawa, ya ji ana cinikinsa a ɗaka,
Dala 800 mai fataucin bayi ya yanka,
Kowa ya gudu, a tsibirin Jackson suka yi haɗuwa.

A babi na 31 Huck ya cika takarda,
Zai tona asirin Jim, sai hannu ya ƙi yarda,
Ya yage ta, ya zaɓi wuta, mai karatu na shaida,
Me ya sa yake jin zunubi don zai ceci bawa?

Hajiya Rabi:
Malam, ranka ya daɗe, amsar na cikin tarbiyya,
Coci da makaranta da maƙwabta bakinsu ɗaya,
Sun koya masa Jim dukiya ne, tamkar saniya,
Mai taya shi gudu ɓarawo ne a idon kowa.

Tsoron Allahn da aka ba shi ne aka gurɓata,
Zuciyar da yake zargi kuwa ita ta kuɓuta,
Twain ya yi gum, ta bakin yaron zancen ke fita,
Mu mu gane abin da shi ya kasa ganewa.

A koma babi na 15, daren hazo,
Huck ya ɓata a kwale-kwale, can ya lallaɓo ya zo,
Ya ce wa Jim duk mafarki ne, tatsuniyar gizo,
Jim ya ce mai kunyata aboki shara ne abin zubarwa.

Minti 15 yana kokawa da girman kai,
Kafin ya je ya ba Jim haƙuri, ya sunkuyar da kai,
Ya ce daga baya bai taɓa jin haushin hakan a rai,
Wasiƙar can daga nan ta soma yagewa.

Auwalu:
Hajiya, a yi mini afuwa, ƙarshen ne ya dame ni,
Cairo ta Amurka, mahaɗar kogin Ohio, hazo ya hana su gani,
Ƙofar 'yanci ke nan ta kuɓuce ba magani,
Ruwa na jan su kudu, a ƙasar bauta suke nutsewa.

An tsare Jim a gonar Phelps, Tom Sawyer abokin Huck ya karɓe ragama,
Wai a haƙa rami da wuƙar tebur, kar a yi gardama,
Macizai da ɓeraye a bukkar Jim, gizo-gizo a sama,
Alhali ya san wasiyyar uwargijiyar Jim, Miss Watson, ta 'yanta bawa.

Jim da a babi na 23 ya tuna ya mari 'yarsa,
Bai san zazzaɓi ya toshe kunnenta ba, ya kasa yafe wa kansa,
Shi aka yi kusan babi goma ana mayarwa abin wasa,
Huck ya ɗan yi ƙorafi, ya ci gaba da biyewa.

Malam Sani:
Auwalu ƙanena, duba lokacin da Twain ya rubuta,
Tun 1865 Amurka ta soke bauta,
A 1877 aka janye soja, aka bar kudu da halinta,
'Yantacce a takarda ya koma abin tattakewa.

Ya kammala a 1883, shi ya sa wasu ke gani,
Jim a bukka hoton baƙar fata ne na wancan zamani,
Na yarda da rabin zancenka, don tsawon barkwancin ya gundure ni,
Tom ya sha nishaɗi, Jim ya sha ɗaurewa.

Hajiya Rabi:
Malam, ku ƙirga dala 40, sau uku ta bayyana,
Mafarautan bayi sun bayar da Huck ya razana su da agana,
Ɗan damfara, sarkin bogi, ya sayar da Jim a kanta, ya ci amana,
Tom ya ba shi ita, ladan zaman bukka da jurewa.

A babi na 16 Jim ya ce zai yi tanadi,
Ya fanshi matarsa, sannan 'ya'ya biyu, da kuɗi,
A na 43 Huck na shirin tserewa, Tom na jin daɗi,
Matar Jim da yaransa babu mai tunawa.