Tallar Google ko hawan jerin bincike: wanne ya dace da ƙaramin shago?

Mai Abaya, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon abaya, shadda da mayafai a Aboabo, nan Kumasi, kuma bara ɗan yayata ya buɗe mini shafin intanet domin masu saye daga Accra da Tamale su riƙa ganin kaya ba sai na yi ta tura hotuna ɗaya bayan ɗaya ta WhatsApp ba. Shafin ya yi kyau, amma baƙi ba sa leƙowa, duk masu shiga mutanen da ni na aika wa adireshin ne. Yanzu shawara ta rabu gida biyu. Shi yaron ya ce in sayi talla a Google, shagon ya riƙa fitowa a sama idan an nemi abaya, maƙwabcina kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in yi haƙuri in gyara shafin har ya hau saman jerin binciken Google da kansa. Abin da zan iya warewa bai wuce sidi 600 a wata ba, ga shi saura wata biyu azumi, lokacin da cinikinmu ya fi tafiya. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba ni shawara.

Ɗan Nima

Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ne aikina, don haka bari in fara da yadda ake cajin kuɗin. Tallar Google, wadda aka fara a 2000 da sunan AdWords kafin a mayar da ita Google Ads a 2018, gwanjo ce. Duk lokacin da wani ya rubuta "abaya Kumasi", masu talla da suka zaɓi waɗannan kalmomi suna shiga takara nan take, kuma ba mai tayi mafi tsada kaɗai ke cin gwanjon ba, ana duba dacewar tallar da abin da mutumin ya nema da kuma ingancin shafin da za ta kai shi. Ba a karɓar kuɗi don an ga tallar, sai an latsa ta. Kamar yaran da ke tsayawa a bakin kasuwar Kejetia suna jawo mutane zuwa shago ne, sai dai a nan kowane mutum aka kawo sai kin biya, ko ya saya ko ya juya ya tafi.

Saboda haka lissafi ne zai raba gardama. A ce, don misali kawai, kowace latsawa sidi 2 ce, kuɗinki na wata zai kawo mutum 300. Idan shida suka saya, kowane ciniki ya ci miki sidi 100, to sai ki duba ko ribar abaya ɗaya ta haura haka. Idan ta haura, talla ta biya kanta, idan kuwa ba ta kai ba, ƙarin masu ziyara ƙarin asara ne. Ki sa iyakar kashewa kusan sidi 20 a rana, amma ki sani Google na iya kashe ninki biyu na wannan a rana guda, sai dai jimillar wata ba ta wuce kuɗin rana sau 30.4. Ki taƙaita tallar ga garuruwan da kike iya aika kaya, kuma ki toshe kalmomin da ba na masu saye ba ne, irin na masu neman koyon ɗinki ko hotunan salo kyauta, don su ne ke cinye kuɗin sababbin shiga.

Da yake saura wata biyu azumi, ni dai talla nake gani. Google da kansa ya faɗa cewa gyaran shafi don ya hau jeri yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa, kafin nan kuwa an yi Salla an watse.

Mai Turare, Sabon Zango

Hajiya, abin da ɗan'uwa ya faɗa gaskiya ne, amma akwai sauran magana. Na yi talla wata biyar, ciniki ya motsa, ranar da na tsayar da ita kuwa wayata ta yi shiru kamar an rufe famfo. A 2022 ne, lokacin da sidi ya faɗi warwas, ni kuma da dala nake biya, sai na ga kuɗin talla na hawa alhali yawan masu latsawa bai canza ba. Da na gaji sai na faɗa hannun wani saurayi da ya yi mini alkawarin fitowa a shafin farko na jerin binciken Google cikin sati biyu, ashe mahaɗai (links, adireshin da ake latsawa daga wani shafi a zo nawa) ya sayo daga shafukan banza ya jibga mini. Daga baya na fahimci cewa tun 2012 Google ya fito da sauyin da ake kira Penguin don yaƙar irin wannan dabara. Kuɗina ya tafi, shafin bai matsa ko'ina ba.

Abin da ya yi mini aiki a ƙarshe ba shi da wani sirri. Kowane turare na ba shi shafinsa, na rubuta sunansa da farashinsa da yadda ake aika shi, cikin Turanci saboda da shi mafi yawan masu saye a nan suke bincike, tare da sunayen da muka saba kira a Zango. Na rage nauyin hotuna, domin da waya mutane ke shiga, kuma fasalin waya Google ke dubawa wajen jera shafuka. Na yi rajista da Search Console, manhajar Google ta masu shafuka, wanda kyauta ne, yana nuna mini kalmomin da ake samuna da su. Ya ɗauki kusan shekara, amma yau baƙo yana nemana ya same ni ban biya kowa ba, kamar yadda akan tambayi mai shadda mai kyau a kasuwa a nuna shagon da ya yi suna. Wani abu kuma, kada wani ya ce miki biyan talla na ɗaga shafi a jerin da ba na kuɗi ba, Google ya sha bayyana cewa babu ruwan wannan da wancan.

Baba Tela, Asawase

'Yata, kafin duk wannan, shagonki yana kan taswirar Google kuwa? Rajistar kasuwanci a can kyauta ce, ki sa lambar waya, lokacin buɗewa da hotunan kaya, sannan ki roƙi masu sayenki na gaskiya su rubuta ra'ayinsu. Mai neman abaya a cikin Kumasi sau da yawa taswirar yake fara gani, kuma da yawa daga waɗanda suka kawo mini ɗinki bana ta nan suka zo.

Ɗan Nima

Baba ya yi gaskiya, da wannan ya kamata a fara. Yaya Mai Turare kuma ban musa miki ba, sai dai ina so a lura cewa hawan jeri ba kyauta ba ne, da lokaci da wahalar rubutu ake biyansa, kuma sauyi ɗaya daga Google na iya sauko da shafi. Talla tana da wani amfani da ake mantawa: rahotonta yana nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta kafin su latsa. Idan Hajiya ta yi sati shida tana talla, kuma yaron ya saita ƙirga masu danna maɓallin WhatsApp a shafin, za ta san ko masu neman abaya ne ke saye ko masu neman shadda, sai ta fara gyaran da waɗannan shafuka.

Mai Abaya, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, ribar abaya ɗaya ba ta kai sidi 100 ba, amma mai sayen shadda yakan ɗauki yadi goma, don haka shadda zan yi wa talla daga farkon Sha'aban zuwa tsakiyar azumi, abaya kuma in bi hanyar Mai Turare. Baba, yau ɗin nan zan sa yaron ya yi rajistar taswirar. Malam Ɗan Nima, saura tambaya ɗaya: in fara da Kumasi kaɗai, ko in haɗa da Accra tun yanzu, tunda kuɗin aika kaya can yana rage ribar?