Dan Allah a warware min yadda pregabalin ke aiki a laka

Salam 'yan uwa. Jarabawar ilimin magunguna saura kwana 4 kuma na maƙale a kan gabapentin da pregabalin, magungunan ciwon jijiya. Abin da na gane shi ne jijiyar da ke ɗauko zafi daga fata tana shiga ɓangaren baya na laka, kalsiyam ya shiga bakinta, sai ta saki gulutamet (sinadarin isar da saƙo tsakanin jijiyoyi) zuwa jijiya ta biyu, ita kuma ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. Na san duk da GABA da ke cikin sunansu ba sa kama mazaunin GABA (sinadarin da ke lafar da jijiyoyi), wani ɓangare na ƙofar kalsiyam mai suna alfa-2-delta suke kamawa.

To a nan kaina ya kulle. Na karanta littafin aji sau 3, na zana hoton, na kwatanta da lidocaine, maganin kashe zafi mai toshe ƙofar sodiyam wanda cikin mintuna wuri ke mutuwa, amma mai ciwon suga da ƙafarsa ke zugi sai ya yi kwanaki yana shan pregabalin kafin ya ji sauƙi sosai, kuma ko an tsunkule shi yana ji sarai. Abokin karatuna ya ce wai pregabalin rage kai ƙofofin kalsiyam zuwa bakin jijiya yake yi a hankali, bai iya min bayani ba.

Shin toshe ƙofar kalsiyam ɗin yake yi kai tsaye, ko rage yawanta yake a mahaɗar jijiyoyin? Na gode.