Zuwa Mongoliya kallon bikin Naadam daga Kano: ta ina ake farawa?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum jama'a. Mu uku ne muke shirin zuwa Mongoliya a watan Yuli domin kallon bikin Naadam, musamman sukuwa da kokawa, sannan mu fita daji mu kwana wajen makiyaya. Mako biyu muke da shi. Abin da nake son sani: wace hanya ce ta fi sauƙi daga Kano, ya batun biza, kuma a babban birni ya kamata mu yi kallon ko a ƙauye? Sai maganar abinci, tunda na ji ba ƙasar Musulmi ba ce. Wanda ya san kan abin ya taimaka, Allah Ya saka da alheri.

Mai Tikiti na Fagge:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ɓangaren hanya da takardu.

Babban bikin ana yin sa ne a Ulan Bator, babban birnin ƙasar, daga 11 zuwa 13 ga Yuli kowace shekara, ranar ba ta motsi. Ku yi lissafin sauka tun 8 ko 9 ga wata, domin agogonsu yana gaban namu da awa 7, jiki na buƙatar kwana biyu kafin ya daidaita.

Hanyar da ta fi ƙarancin ciwon kai ita ce Kano zuwa Abuja, Abuja zuwa Istanbul, sai Istanbul kai tsaye zuwa Ulan Bator, wanda shi kaɗai tafiyar wajen awa 8 ce. Daga Abuja ku yanki tikiti guda har ƙarshen tafiya. In kuka yanka gutsi-gutsi don neman rahusa, dole ku karɓi kaya a Istanbul ku sake aunawa, wato sai kun shiga cikin ƙasar Turkiyya, kuma wannan sai da bizarsu. Ku guji tikitin da ya bi ta Frankfurt komai arharsa: mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, tun a Abuja za a hana ku hawa.

Biza wajibi ce, kuma Mongoliya ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya, na Alƙahira ne mafi kusa da mu. Suna da shafin neman biza ta intanet, amma jerin ƙasashen da aka yarda su nema ta nan yana canzawa, don haka abin dogaro shi ne kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can, wanda zai aiko muku da takardar gayyata ya bi muku izini a hukumar shige da fice. A fara wannan tun Maris ko Afrilu. Kada a biya kuɗin jirgi wanda ba a mayarwa kafin izini ya fito. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6, a riƙe katin allurar shawara, kuma in kun sauka ku tabbatar masauki ya yi muku rajista da hukumar.

Filin jirginsu sabo ne, an buɗe shi a 2021, yana wajen kilomita 50 kudu da birni, kuma cunkoson Ulan Bator ba wasa ba ne, sai a ware masa lokaci. Kuɗinsu tugrik, dala ɗaya ta haura 3,000. In za ku sayi dala a Wapa ku zaɓi sababbi masu tsafta, wadda ta yage ko aka yi rubutu a kanta ba sa son karɓa. A canza isasshe a birni kafin 11 ga wata, saboda bankuna da kasuwanni da yawa suna rufewa kwanakin hutun bikin, kuma a daji tsabar kuɗi ne kawai ke aiki.

Mai Sirdi:

Alhaji ya gama da takardu, ni zan yi magana a kan kallon kansa, domin nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗinsu.

Ɗan'uwa, ka cire Hawan Daushe daga ranka. Ba jerin gwanon dawaki da kwalliya ba ne da za ka zauna a rumfa su wuce ta gabanka. Sukuwar Ulan Bator ba a cikin gari ma ake yin ta ba, a Khui Doloon Khudag ne, fili mai nisan kilomita talatin da wani abu yamma da birni. Tsere ne miƙaƙƙe a cikin daji, an kasa dawaki gida shida bisa shekaru: 'yan shekara biyu suna gudun kilomita 10 zuwa 12, manya kuma wajen 25. Yara ƙanana ne mahaya, maza da mata, wasu ko sirdi babu don rage nauyi. Da farko dawakin kan taka a hankali zuwa inda za a sake su, sannan su juyo a guje, wato mai kallo yana tsaye a bakin layin ƙarshe sa'o'i, abin da zai gani ƙura ce daga nesa, sai 'yan mintoci na isowa. Biyar na farko ake karramawa, a yi musu waƙar yabo a zuba musu nonon goɗiya a ka da gindi, jama'a kuma su yi ta rububin shafar gumin wanda ya ci. Tseren 'yan shekara biyar, wanda suke kira soyolon, shi ya fi tara mutane, ranar hanyar takan cushe tun da asuba. Wanda bai bar gari kafin ƙarfe 6 ba, a mota zai ji labari.

Kokawa a babban filin wasa ake yi. 'Yan kokawa 512 ne ke shiga a yawancin shekaru, zagaye 9, wanda aka kayar ya fita ke nan. Ba a raba su bisa nauyi, ƙato na iya haɗuwa da siriri. Wanda gwiwarsa, gwiwar hannunsa ko bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi, amma dafa ƙasa da tafin hannu ba faɗuwa ba ne, kada ka yi ihu a banza. Muƙamai suna bin yawan zagayen da mutum ya ci: biyar Nachin wato Shaho, bakwai Giwa, wanda ya cinye duka Zaki. Zagayen farko hargitsi ne, gomman mutane na kamawa lokaci guda kuma daga kujera ba ka gane kowa. Kokawar da ta cancanci zama tana farawa daga zagaye na biyar, a rana ta biyu, inda mutum biyu kan riƙe juna tsawon lokaci kowa na jiran kuskuren ɗan'uwansa.

Harbin baka yana gefen filin kuma kyauta ne. Maza daga mita 75 suke harbi, mata daga ƙasa da haka kaɗan, abin harbin kuma ƙananan dunƙulen fata ne da aka jera a ƙasa. Alƙalai na tsaye dab da su, suna ɗaga hannu da waƙa in an samu. Kusa da nan akwai rumfar masu harbin ƙashin idon sawun tumaki, ku leƙa.

Ra'ayina, ku bar birnin. Kowace jiha cikin 21 da kowace gunduma tana yin nata Naadam, wasu kafin 11 ga wata, wasu bayansa. A can ba tikiti, ba shinge mai nisa, kana zaune a ciyawa taku goma daga 'yan kokawa, kana iya zagayawa wajen da ake ɗaure dawaki. Matsalarsa ɗaya, ranakun ƙauye ba a sanar da su da wuri kuma sukan motsa, sai kamfaninku ya riƙa bugawa can yana tabbatarwa.

Hajiyar Gwale:

Ƙanena, tambayarka ta ƙarshe ita ce babba, kada ka bar ta sai ka isa.

Yawancin mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne ko marasa addini. Musulmi 'yan ƙabilar Kazak ne, ba su da yawa, mafi yawansu a Bayan-Olgi can ƙuryar yamma, sai wasu a Nalaikh kusa da babban birni. Makiyayin Mongol ba ya yankan wuya. Yakan tsaga ƙirjin tunkiya kaɗan, ya sa hannu ya tsinke babbar jijiya, jinin ya taru a ciki don kada ya zuba a ƙasa, daga baya a dafa shi a cikin hanji. Ka ga wannan nama bai halatta gare ka ba, kuma shi ne a cikin kusan komai: khuushuur, soyayyen fulawa mai nama da ake sayarwa ko'ina a filin biki, da buuz, irinsa da ake turarawa, da miyar taliya. Ko ka ce a cire naman, da romonsa da kitsensa aka dafa.

A Ulan Bator akwai gidajen abincin Turkawa, Indiyawa da Kazak masu halal. A daji mafita biyu ce. Ko ku nemi kamfani ya ba ku mai dafa abinci Bakazake da tukwanenku daban, ko ku sayi tunkiya da rai wajen mai masaukinku ku yanka da kanku. In za ku yanka, tafinta ya nemi izini tukuna, a yi nesa da ɗaki da bakin ruwa, a tara jinin a roba. Tunkiya guda ta ishi mutum uku da direba kwanaki, in an soya an adana. Ku roƙi a yi muku khorkhog da ita, wato nama da duwatsu masu zafi a rufaffiyar tukunya. Ko a gidan Kazak ku tambaya, domin suna cin doki, mu kuma a Malikiyya ba mu ci. Daga gida a ɗauko garin kwaki, yaji, dabino da gyaɗa. Kilishi kuwa kwastan na iya ƙwacewa.

Abin sha: farin shayi mai madara da gishiri ba laifi, an tafasa shi. Airag, nonon goɗiya mai tsami, yana da 'yar barasa a ciki, akwai kuma wani mai kama da ruwa da ake tatsa daga nono, wannan giya ce sosai. Ba a ture kwano. Ka karɓa da hannun dama, ka ɗaga shi alamar girmamawa, ka mayar, tafinta ya ce addini ne, suna fahimta. Ɗanyar madara kada a sha saboda bakkale. Naman tarvaga, wata dabbar rami mai kiba, ko kyauta kada ku taɓa, tana ɗauke da annoba mai kumbura kaluluwa, ta kashe mutane a Bayan-Olgi a 2019.

Salla kuma: alƙibla a can yamma take, ba gabas ba. Ƙofar ɗakin makiyaya, ger, kullum kudu take kallo, don haka in ka shiga, hannunka na hagu shi ne alƙibla, kuma nan ne dama ɓangaren baƙi. Rana na faɗuwa wajen 9 saura na dare, Isha'i sai bayan 11, Asuba kafin 3. Ku tafi da buta, bayan gidansu rami ne ba ruwa.

Ladabin ger: kada a taka dokin ƙofa, kada a jingina da ginshiƙai biyu na tsakiya ko a ratsa tsakaninsu, kada a jefa shara a murhu, kada a miƙe ƙafa wajen ƙuryar arewa inda suke ajiye abubuwan ibadarsu. Kafin ka sauka daga mota jira a riƙe kare.

Ɗan Ƙofar Mata:

Na gode ƙwarai, Hajiya, maganar yankan nan ban taɓa jin ta ba. To in mun bi shawarar Malam Mai Sirdi, ina za mu nufa, kuma Hamadar Gobi za ta shiga cikin mako biyun?

Na Bakin Tasha:

Ban yarda a bar birni gaba ɗaya ba. Wanda ya taso tun daga Kano ya ga buɗe taro na 11 ga wata: mahaya na ɗauko tutoci tara na farin gashin doki daga fadar gwamnati a dandalin Sukhbaatar zuwa filin wasa, shugaban ƙasa ya buɗe biki. Tikitin shiga filin ne ke wahala, kujeru kaɗan ne, 'yan bayan fage na ninka farashi, sai kamfani ya saya muku tun da wuri kuma a rubuta shi cikin yarjejeniya. In bai samu ba, fitowar tutocin a dandali kyauta ce. Ku kwana biyu a birni, sannan ku nemi Naadam na ƙauye da ya faɗo bayan haka.

Ku nufi yamma. Gandun dajin Khustai na wajen kilomita 100, nan ake ganin dokin daji takhi da aka dawo da shi ƙasar a 1992, da sassafe ko da yamma suke saukowa shan ruwa, da tsakar rana ba za ku ga komai ba. Daga nan Kharkhorin, kimanin kilomita 360 daga birni a kan kwalta, inda tsohuwar hedikwatar daular Mongol take, da gidan ibadar Erdene Zuu. Sai kwarin Orkhon da jihar Arkhangai, ƙasar ciyawa da shanun yak masu gashi. A hanya akwai tudun yashi na Elsen Tasarkhai da raƙuma masu tozo biyu. Gobi ta gaskiya tana cin kwana 6 ko 7 ita kaɗai, mafi yawansu a cikin mota. Ku bar ta.

Kada taswira ta ruɗe ku. Da zarar an sauka daga kwalta, kilomita 30 zuwa 40 ake yi a awa, ba alamar hanya, sawun taya ne kawai ya rarrabu. Yuli damina ce a can, rafin da aka ƙetare da safe na iya cika da yamma, don haka a bar kwana ɗaya fanko, kuma a dawo birni kwana biyu kafin jirgi. Ba a tuƙa kai. Motar Rasha ƙirar UAZ tana jijjiga ƙashi amma kowane direban ƙauye ya iya gyaranta, Land Cruiser ta fi daɗi ta fi tsada. Kafin a tashi ku ga tayar safaya biyu, igiyar ja, shebur da jarkar mai da idonku, ku kuma tambaya ko kuɗin mai na cikin farashi, nan rigima ta fi tashi. Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a rana, a saya a garuruwan hanya.

Da rana zafi na kai 25 zuwa 30, da dare ya sauko ƙasa da 10, ga iska. Rigar sanyi mai kauri, rigar ruwa, takalmi rufaffe. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, a sayi adafta, a ɗauki fawa banki tunda a ger faranti ɗaya na hasken rana ne da batir. Layin Mobicom ko Unitel na kamawa kusa da garuruwa, a cikin kwari babu.

Tunda masu son doki ne ku: dawakinsu gajeru ne amma rabinsu ba su gama sabo da mutum ba. Ta hagu kawai ake matsowa a hau, kada a sa ko a cire riga a kan doki, ƙarar leda ma na firgita shi. Kan ƙafa kaɗai ake sawa a likkafa, domin filin cike yake da ramukan ɓeraye, in doki ya yi tuntuɓe ƙafar da ta shige ciki ita ke jawo a ja mutum a ƙasa. Sirdinsu na katako ne mai tudu gaba da baya, wanda bai saba ba awa ɗaya ta ishe shi, ku ce a ɗaura muku na Rasha mai matashi. Asibitin kirki yana Ulan Bator, saboda haka inshorar tafiyarku ta ambaci hawan doki da ɗauko majiyyaci daga daji, a duba wannan layin kafin a biya.